Idan Ƙafa Ɗaya Ta Fi Ɗaya Tsawo: Bayani Ga Masu Guje-guje, Da Iyayensu, Da Malaman Wasanni

A garin Arikya, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, akan ga samari da sassafe suna gudu a gefen hanya tun kafin manoma su kama hanyar gonakin doya da riɗi. Waɗansu suna shirin gasar wasanni ta makarantarsu ne, waɗansu suna horad da jiki domin ranar ɗaukar soja ko 'yan sanda, waɗansu kuwa ƙwallon ƙafa ne ya fito da su. Da wuya a rasa ɗaya a cikinsu wanda ƙafa guda take ba shi wahala. Ya yi gudu mako uku lafiya, a na huɗu tsokar bayan cinyarsa ta riƙe. Ya huta kwana biyar, ya koma fili, ta sake riƙewa a daidai wurin da ta riƙe da fari. Daga nan sai magana ta yi yawa. Wani ya ce baki ne ya kama shi, wani ya ce sanyi ne, wani kuma ya dubi tafiyarsa ya ce ai ƙafarsa ta dama gajera ce, ya hakura da gudu kawai.

Mai wannan magana ta ƙarshe yana iya yin gaskiya game da ƙafar, amma ya yi kuskure game da hukuncin da ya yanke. Bambancin tsawon ƙafafu abu ne da ake aunawa, kuma sai an auna shi ake sanin ko yana bukatar gyara. Ciwon tsoka kuwa yana da nasa lokacin warkewa, wanda gaggawar mai shi ba ta rage masa ko kwana ɗaya. Saurayin da aka haɗa masa waɗannan abubuwa biyu aka mai da su ɗaya, ko dai ya bar wasan da yake da baiwarsa ba gaira ba dalili, ko kuma ya dinga cusa tsumma a takalmi yana gudu a kan tsokar da ba ta warke ba.

Ƙafafu biyu ba safai suke zuwa daidai ba

Masu binciken jikin ɗan Adam sun auna ƙasusuwan mutane masu yawa ta hanyar ɗaukar hoto, suka tarar kusan mutum 9 cikin 10 ƙafarsu ɗaya ta ɗara ɗaya. Galibi bambancin bai wuce milimita 5 ba, watau rabin santimita, abin da bai kai kaurin ɗan ƙaramin yatsa ba. Mai irin wannan yakan rayu har ya tsufa bai sani ba. Sai dai tela ya lura sa'ad da yake auna masa wando.

Likitocin ƙashi sun daɗe suna ɗaukar santimita 2 a matsayin iyaka. Abin da bai kai haka ba, ga mai tafiya ta yau da kullum, yawanci ba ya bukatar kome, ko kuwa ɗan ƙari a cikin takalmi ya isa. Amma mai gudu ba daidai yake da mai tafiya ba. Duk lokacin da ƙafar mai gudu ta dira ƙasa, tana ɗaukar nauyin da ya ninka nauyin jikinsa sau biyu zuwa uku, kuma a kilomita ɗaya yakan yi taku kusan dubu. Saboda haka ɗan bambancin da bai dami mai zuwa kasuwa ba yana iya bayyana ga wanda yake cin kilomita 10 kowace safiya. Jiki yakan nemi dabarar cike giɓin da kansa. Ƙugu ya karkata wajen gajerar ƙafa, ƙashin baya ya ɗan lanƙwasa domin kai ya tsaya daidai, doguwar ƙafa ta riƙa lanƙwasa gwiwa, gajerar kuma ta riƙa yin ɗage. Wannan dabara ta jiki tana aiki, amma tsokoki ne suke biyan kuɗinta. Abin mamaki kuwa, ba kullum gajerar ƙafa ce take shan wahalar ba. Wani bincike da aka yi a kan kuratan soja a ƙasar Finland a farkon shekarun 1980 ya nuna tsagewar ƙashi ta yawan horo ta fi aukuwa a doguwar ƙafa.

Gajarta iri biyu

Wajibi ne a rarrabe tsakanin gajarta ta ainihi da gajarta ta gani. Ta ainihi ita ce wadda ƙashin cinya ko ƙashin ƙwauri da kansa bai kai na ɗaya ƙafar ba. Akan haifi mutum da ita. Akan kuma same ta daga baya, kuma a ƙasar nan sanadinta sanannu ne: karayar da ta haɗe ƙasusuwan suna hawan juna, cutar shan inna, ƙurjin da ya ci cikin ƙashi tun mutum yana yaro, tarin fuka da ya sauka a kwatangwalo, da kuma lalacewar kan ƙashin cinya da take samun masu ciwon sikila.

Gajarta ta gani kuwa, ƙasusuwa daidai suke, amma wani abu ya ja ƙafa ɗaya sama. Yana iya zama tsokar ƙugu ce ta ɗaure a gefe ɗaya, ko gwiwa ba ta miƙewa sosai bayan wani tsohon rauni, ko tafin ƙafa ɗaya ya fi ɗaya shimfiɗewa, ko ƙashin baya ya karkace. Har hanya ma tana haddasa ta. An gina kwalta da tudu a tsakiya da gangara a gefe domin ruwan sama ya wuce. Wanda yake gudu kullum a gefe guda yana fuskantar motoci, ƙafarsa ɗaya tana sauka ƙasa da ɗaya a kowane taku, tamkar wanda aka rage wa tsawon ƙafa. Haka kuma wanda kullum yake kewaya fili ta hannun hagu kaɗai. Maganin wannan ba ya bukatar ko kwabo: a nemi hanyar ƙasa mai shimfiɗa wadda ba motoci, a kuma riƙa sauya hannun da ake kewaya fili a ranakun horo.

Amfanin wannan rarrabewa shi ne, gajarta ta ainihi ita ake yi wa ƙari a takalmi. Ta gani motsa jiki take bukata da sassauta tsokar da ta ɗaure. Wanda ya sa ƙari ƙarƙashin ƙafar da ƙashinta bai gaza ba, ya ƙirƙiro wa kansa ciwon da da ba shi da shi.

Yadda ake aunawa

Kallon tafiyar mutum ba awo ba ne. Kwantad da shi a haɗa dugadugansa a duba ma ba awo ba ne, domin ko yaya ƙugu ya karkata a kan tabarma sai ƙafa ɗaya ta nuna kamar ta fi tsawo. Ma'aikacin lafiya yakan kwantad da mutum rigingine a wuri mai ƙarfi, ya daidaita ƙugunsa, ya lalubo ƙashin nan mai tsini da yake gaban ƙugu, ya ja tef irin na tela daga nan zuwa ƙashin idon sawu na ciki. Yakan auna kowace ƙafa sau biyu ko uku, domin tef yana iya kuskuren rabin santimita ko fiye, musamman ga mai jiki.

Hanya ta biyu ta fi wannan kusa da gaskiya. Mutum ya tsaya ba takalmi, gwiwoyinsa a miƙe, mai awo ya tsaya a bayansa ya ɗora hannuwa a kan ƙasusuwan ƙugunsa na dama da hagu. Sai a riƙa sa 'yan allunan katako waɗanda aka san kaurinsu ƙarƙashin gajerar ƙafa, ɗaya bisa ɗaya, har hannuwan mai awo su yi daidai. Kaurin katakon da aka tara shi ne gwargwadon bambancin. Malamin wasanni yana iya gwada wannan da littattafan rubutu domin ya san ko akwai dalilin tura yaro asibiti. Amma hukunci na ƙarshe na hoton ƙashi ne, wanda ake ɗauka mutum yana tsaye, ya nuna daga ƙugu har idon sawu.

Ƙari a takalmi

Idan awo ya tabbatar ƙashi ne ya gaza, kuma akwai ciwo a baya ko ƙugu ko gwiwa da yake dawowa, likita yakan ba da shawarar ƙari. Ƙa'idodinsa kaɗan ne, amma akan karya su. Ba a cike bambancin duka rana ɗaya. Jikin da ya shekara ashirin yana tafiya a karkace ya riga ya saba, tsokokinsa sun daidaita da hakan, in aka miƙe shi dare ɗaya sai sabon ciwo ya tashi. Akan fara da milimita 3 zuwa 5, a yi mako biyu ana tafiya da shi kafin a yi gudu, sa'an nan a ƙara in da bukata. Sau da yawa rabin bambancin ya wadatar. Garin neman gira ba a so a rasa ido.

Abin da za a sa a cikin takalmi kada ya wuce kimanin santimita ɗaya, in ya wuce dunduniya za ta riƙa fita, idon sawu kuma ya yi saurin gurɗewa. Abin da ya fi haka a ƙasan takalmi ake liƙa shi, tun daga dunduniya har yatsu, kuma mai gyaran takalmi na kasuwa yana iya yin aikin in an ba shi awon a rubuce. A yi shi da roba mai tauri ko fata. Soso da tsumma da kwali sukan lotse cikin kwana biyu, su bar mutum yana zaton yana da ƙari alhali babu. Ga mai gudu kuma, ƙarin dunduniya kaɗai ba ya isa, domin mai tsere a kan gaban tafin ƙafa yake dira. Sa'an nan wanda ya sa ƙari a kambas ɗin gudu na awa ɗaya, ya wuni cikin silifa a gona da kasuwa, jikinsa ba zai san wanda zai saba da shi ba.

In kuwa bambancin ƙarami ne kuma babu ciwo, to, a bar shi yadda yake. Labarin mutumin da ya fi kowa sauri a tarihin tsere ya isa misali.

Ɗan tseren Jamaika

Usain Bolt na ƙasar Jamaika ya ci lambobin zinariya 8 a wasannin Olamfik tsakanin 2008 da 2016. A birnin Berlin, cikin 2009, ya gudu mita 100 a daƙiƙa 9.58, ya kuma gudu mita 200 a daƙiƙa 19.19. Wannan mutum ƙashin bayansa a karkace yake tun yana yaro, kuma shi da kansa ya bayyana cewa ƙafarsa ta dama ta gaza ta hagu da kimanin rabin inci, watau santimita ɗaya da 'yan kai. A 2017 masu bincike na wata jami'a a Dallas ta Amurka suka nazarci hotunan gudunsa, suka ga ƙafarsa ta dama tana dukan ƙasa da ƙarfin da ya ɗara na hagu da kashi 13 cikin 100, ta hagu kuma tana daɗewa a ƙasa fiye da ta dama da kashi 14 cikin 100. Watau gudunsa ba daidai yake ba, jikinsa ne ya samo hanyar da ta fi dacewa da ƙirarsa, kuma masu binciken sun yi hasashen da an tilasta masa daidaita takunsa, mai yiwuwa saurinsa ya ragu.

Amma labarin yana da ɗaya gefen. Tsokar bayan cinya ta dame shi tun yana saurayi. A Atina, cikin 2004, ya je Olamfik da rauni a ƙafa, aka fitar da shi tun zagayen farko na mita 200. Abin da ya tsame shi bayan haka shi ne horo mai tsanani na ƙarfafa tsokokin ciki da na baya da na ƙugu, wanda ya lazimta duk tsawon shekarunsa na tsere. Duk da haka, a tserensa na ƙarshe a London cikin Agusta 2017, yana riƙe da sandar gudun ba-ni-in-ba-ka, tsokar bayan cinyarsa ta hagu ta tsage, ya faɗi a fili bai kai ƙarshe ba. In mai likitoci da masu horarwa na musamman bai tsira daga wannan tsoka ba, saurayin da yake gudu a hanyar Arikya ya fi cancanta ya san halinta.

Tsokar bayan cinya

Tsokoki uku ne a haɗe, sun taso daga ƙashin da mutum yake zama a kansa, sun gangara bayan cinya, sun ƙetare gwiwa sun kama ƙasusuwan ƙwauri. Aikinsu lanƙwasa gwiwa da tura cinya baya. Amma ba a lokacin wannan aiki suka fi tsagewa ba. Sa'ad da mai gudu ya wurga ƙafarsa gaba, kafin ta taɓa ƙasa, waɗannan tsokoki ne suke taka mata birki. A wannan ɗan lokaci ana jan su suna tsawo, su kuma suna ƙoƙarin tsukewa. Kamar igiyar guga ce da aka fizga tana cikin sauka da nauyi. In tsokar ta gaji, ko ba ta da ƙarfi, ko ba a ɗumama ta ba, nan take zarenta yake tsinkewa.

Raunin hawa uku ne. Na farko, 'yan zaruruwa ne suka tsinke: mutum yana jin ɗauri da zafi in ya miƙe ƙafa, amma yana tafiya, kuma yakan warke cikin mako ɗaya zuwa uku. Na biyu, wani sashe na tsokar ya yage: zafin yakan zo farat ɗaya kamar an jefe shi da dutse, ya tsaya cak ya dafe cinya, ya yi ɗingishi, bayan kwana biyu wurin ya kumbura ya yi duhu saboda jinin da ya kwanta. Wannan yakan ci mako huɗu zuwa takwas. Na uku, tsokar ta tsinke gaba ɗaya ko ta ɓalle daga ƙashi, wani lokaci har a ji ƙara, a kuma taɓa rami a wurin. Wannan aikin asibiti ne, yakan kai ga tiyata, kuma wata uku shi ne mafi ƙarancin abin da yake ci. Ga yaro ɗan shekara 13 zuwa 17, wanda ƙashinsa bai gama ƙwari ba, tsokar takan fizge ɓallin ƙashi daga mazauni. Saboda haka yaron da ya ji zafi a can sama, har ba ya iya zama a benci, a kai shi a ɗauki hoto.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: bambancin tsawon ƙafa yana iya ƙara wa tsoka aiki, amma ba shi ne babban dalilin tsagewarta ba. Babban abin da yake jawo tsagewar tsokar bayan cinya shi ne tsohuwar tsagewar da ba ta warke sosai ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka ji wannan rauni sukan sake jin sa cikin shekara guda, kuma mafi yawa a makonni biyu na farko bayan sun koma fili. Saurayin nan da tsokarsa take riƙewa a wuri ɗaya, kafin a zargi ƙashinsa, a fara ƙirga kwanakin da ya huta.

Kwana uku na farko

A nan ne al'ada da ilmin likita suka saɓa. Abin da aka saba yi wa wanda ya ji ciwo a tsoka shi ne a dafa ruwa a gasa wurin da tsumma, a murza da man zafi, a ja ƙafar da ƙarfi, wani lokaci a kira wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho domin a fitar da mataccen jini. Masu yin haka da kyakkyawar niyya suke yi. Amma tsokar da ta tsage jini take zubarwa a ciki, zafi kuwa buɗe hanyoyin jini yake yi, murza kuma tana sake yage abin da ya fara haɗewa. Tsaga tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa a wurin da fata take lafiya lau. Gashi yana da ranarsa, amma ba a kwana ukun farko ba.

Abin da ya dace shi ne mai gudu ya tsaya nan take, kada ya ce bari ya ƙarasa zagayen. A sa wa wurin sanyi na minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan kowace awa biyu ko uku. Ruwan leda da ya daskare a firjin mai shago ya isa, amma a naɗe shi cikin ƙyalle, kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Inda babu wuta, tsumma da ruwan randa ya fi babu. A naɗe cinyar da bandeji mai talewa, ɗauri na sannu wanda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. In yatsun ƙafa suka yi sanyi ko suka mutu, an matse da yawa, a kwance. In ya kwanta a ɗora ƙafar a kan matashi. Farasitamol ya isa rage zafi. Allurar kashe zafi da ƙwayoyi masu ƙarfi irin su tramadol, waɗanda waɗansu samari suke sha domin su samu su yi gasa, ba sa ɗinke tsoka. Suna kashe ƙararrawar da take gargaɗin mutum ne kawai, ya yi gudu a kan rauni na hawa ɗaya ya mai da shi na hawa biyu.

Akwai alamomin da ba a jira da su a gida: in mutum ya kasa taka ƙafar sam, in ƙafar ta mutu ko ba ta ɗaguwa daga idon sawu, in sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi ba tare da an buge ta ba, ko in zazzaɓi ya biyo bayan ciwon.

Komawa fili

Kwanciya ta wuce kima ita ma illa ce. Bayan kwana biyu ko uku a fara tafiya a hankali gwargwadon abin da zafi ya bari, domin tsokar da take warkewa tana bukatar ɗan aiki kafin sababbin zaruruwanta su jeru daidai. Daga nan a shiga ƙarfafa ta. Mutum ya kwanta rigingine, ya kafa dugadugansa a ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama ya riƙe, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ƙafa ɗaya. In wannan ya daina zafi a shiga sassarfa, sa'an nan gudu rabin ƙarfi, sa'an nan kashi uku cikin huɗu. Kowane mataki a yi kwanaki a kansa, in zafi ya dawo a koma na bayansa. Sauri ya haifi nawa. Ba a shiga gasa sai ƙafar da ta ji ciwo ta yi ƙarfi daidai da 'yar'uwarta, tana miƙewa daidai da ita, danna wurin ba ya zafi, kuma mutum ya yi gudu iyakar ƙarfinsa a horo sau da dama ba ya jin tsoron ƙafar.

Akwai wani motsa jiki guda da ya cancanci kowane malamin wasanni ya koya wa yaransa, domin ba ya bukatar kayan aiki. Mutum ya durƙusa a kan tabarma ko ciyawa, abokinsa ya danne masa idon sawu ta baya. Sai ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali, jikinsa a miƙe daga gwiwa har kai, yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya iyakar iyawarsa, in ya kasa ya tare ƙasa da hannuwa. Wannan yana koya wa tsokar aikin birkin nan da aka ambata. Da aka tattara binciken da aka yi a kan dubban 'yan wasa, an ga ƙungiyoyin da suka lazimci wannan motsi raunin tsokar bayan cinya ya ragu a cikinsu da kusan rabi. A fara da sau biyar, kwana ɗaya ko biyu a mako, domin makon farko yakan bar cinya da tsami ƙwarai. Mai sabon rauni kada ya fara shi sai ya kai matakin sassarfa ba zafi.

Yara, da abin da yake hannun iyaye

Gajarta mai yawa galibi tun ƙuruciya take farawa, kuma a lokacin ne gyaranta ya fi sauƙi. Ƙashin yaro yana tsawo ne daga wani faifan guringuntsi da yake kusa da kowane ƙarshensa, kuma faifan da suke sama da gwiwa da ƙasanta su ne suke ba da kusan kashi biyu cikin uku na tsawon ƙafa. In karaya ta bi ta kan wannan faifai, ko ƙurji ya ci shi, ƙafar takan rage girma, bambancin ya riƙa ƙaruwa kowace shekara har girma ya tsaya, wajen shekara 14 ga 'ya mace, 16 ga ɗa namiji. Saboda haka yaron da babur ya kayar ya karye kusa da gwiwa ko idon sawu, hoto ya fi masa kome amfani. Masu ɗori suna da daɗaɗɗiyar sana'a kuma jama'a sun yarda da su, amma hannu ba ya ganin faifan girma, ba ya kuma ganin ƙasusuwan cinya sun hau juna ƙarƙashin tsoka mai kauri. Karan ɗori da aka matse da yawa kuwa ya sha jawo ruɓewar da ta kai ga yanke ƙafa. Wani abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne, ƙashin cinyar ƙaramin yaro da ya karye ya haɗe yakan yi saurin girma har ya ɗara lafiyayyen da kimanin santimita ɗaya. Don haka ko ɗori ya yi kyau, a riƙa auna yaron shekara-shekara.

Shan inna ta bar dubban mutane a arewacin ƙasar nan da ƙafa siririya gajera. Rabon da a ga ainihin ƙwayar cutar ta daji a Nijeriya tun 2016 a Jihar Barno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ɗigon rigakafi ne ya kawo haka, shi ne kuma yake hana ta dawowa. Wanda cutar ta riga ta taɓa ma ba a yanke masa ƙauna. Wilma Rudolph, baƙar fata daga Jihar Tennessee ta Amurka, an haife ta a 1940, ita ce ta 20 cikin 'ya'ya 22 na mahaifinta. Shan inna ta kama ƙafarta ta hagu tana ƙarama. Mahaifiyarta ta riƙa kai ta asibiti a Nashville, tafiyar kusan kilomita 80 a motar haya, 'yan'uwanta kuma suna karɓa-karɓa wajen motsa mata ƙafar a gida kowace rana. Sai da ta kai shekara 12 ta rabu da takalmin gyara. A Olamfik na birnin Rum cikin 1960 ta ci zinariya uku a tsere.

In bambancin ya kai santimita 2 zuwa 5 kuma yaro yana cikin girma, likita yana iya yin ƙaramar tiyata ya tsai da faifan girma na doguwar ƙafa a lokacin da aka lissafa, domin gajerar ta cim mata. Wannan dama takan wuce in girma ya tsaya, shi ya sa jinkiri yake da tsada. In ya wuce santimita 5, akan ƙara wa gajerar tsawo ta hanyar da wani likita na Tarayyar Sobiyat ta da, Gavriil Ilizarov, ya ƙago a garin Kurgan cikin shekarun 1950. Akan yanke ƙashin, a kafa masa zobba na ƙarfe ta waje, a riƙa buɗa tsakaninsa milimita ɗaya kowace rana, sabon ƙashi yana tsirowa yana cike giɓin. Aiki ne na watanni, mai bukatar haƙuri da tsabta.

Matakin farko ga mutumin Arikya da kewayenta shi ne asibitin da ya fi kusa, inda za a auna shi a rubuta masa takardar turawa zuwa babban asibiti a garin Lafiya, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da take Keffi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Aikin da ya fi ƙarfin waɗannan akan tura shi Asibitin Ƙashi na Ƙasa da yake Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959. Mai zuwa ya tafi da duk tsohon hoton ƙashi da yake da shi, ya tuna shekarar da ya taɓa karyewa da wanda ya ɗora shi. Ya kuma tafi da takalmin da yake gudu da shi, kada ya wanke shi ko ya sake masa ƙasa, domin likita yakan juya takalmi ya dubi inda ya fi cinyewa kafin ya ɗauko tef.